Hajjin Shekarar Murar Aladu

Fargabar maniyyaci a kowace shekara ba ta wuce biyu ba: kuɗin kujera ya cika, sannan jirgi ya kwashe shi kafin a rufe filin Jidda. A 2009 sai ta uku ta shigo. Wata sabuwar mura ta ɓulla a Meziko da Amurka cikin watan Afrilu, gidajen rediyo na kiranta murar aladu, kafin damina ta kankama ta tsallaka teku ta shiga Turai da Asiya. Ranar 11 ga Yuni shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Margaret Chan, ta yi shelar cewa cutar ta game duniya, abin da rabon mura da yin sa tun 1968. A shekarar ne Allah ya kira mu, ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe tana adashi da kiwon tumaki saboda wannan tafiya. Ni ne muharraminta.

Da farko mun ɗauka abin na mutanen nesa ne. Hankali bai tashi ba sai cikin Yuli, da ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka zauna a Alƙahira suka amince a dakatar da wanda ya haura shekara 65, da yaron da bai kai 12 ba, da masu ciwon da ya daɗe a jiki, daga zuwa hajjin shekarar. Gwaggo ta ji a rediyo, ta aiko a kira ni da daddare.

"Ɗan nan, ni shekara nawa kuka rubuta mini a fasfo?"

Na ce, "Gwaggo, abin da kika faɗa shi aka rubuta."

"To ni me na faɗa?"

Muka yi dariya, amma ita ba ta kwana da daɗi ba, kuma tana da dalili. Duk wanda ya yi wayo a 1996 ya san hana mutum zuwa Makka saboda cuta ba kurari ba ne. A shekarar Saudiyya ta rufe wa alhazan Najeriya ƙofa saboda sanƙarau, mutane suka kwance jakunkunan da suka riga suka ɗaure. Ga shi kuma a farkon 2009 ɗin sanƙarau ya sake yin ɓarna a arewacin Najeriya da Nijar. Ana cikin haka aka ji Iran ta hana mutanenta umrar azumi, daga baya Tunisiya ta soke hajjin shekarar ɗungurungum. A ƙarshe dai Saudiyya ta ce zancen shekaru shawara ce, ba za ta mai da kowa gida saboda tsufa ba, kowace ƙasa ta duba maniyyatanta da kanta. Gwaggo ta ci gaba da ɗinkin jakar guzurinta.

A sansanin alhazai na Kano, inda muka zauna jiran jirgi, hira ɗaya ce a kan kowace tabarma. Wani dattijo mai fatauci, wanda ya ce wannan ba zuwansa na fari ba ne, ya yanke wa majalisarmu hukunci: "Mu da ba ma cin alade, ina ruwanmu da murarsa?" Mutane suka gyaɗa kai, ni ma maganar ta yi mini daɗin ji. Wata ma'aikaciyar jinya da ke duba katin allura ce ta kwance masa. Ta ce, "Baba, ai ba a nama take ba. Ƙwayar ce aka gano tana ɗauke da gaurayen ta alade da ta tsuntsu da ta mutum, amma yanzu daga mutum take zuwa mutum. Tari, atishawa, hannun da aka share majina da shi aka miƙa maka gaisuwa. Wanda zai ba ka ita yana iya zama limamin masallacinku." Dattijon ya ce a'uzubillahi, aka kwashe da dariya.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin gwamnati sukutum ta yi irin lissafinsa. A ƙarshen Afrilu, tun ba a samu ko mutum ɗaya da cutar a Masar ba, hukumomin ƙasar suka ba da umarnin a yanka dukkan aladun da ke cikinta, wajen 300,000. Akasarinsu na Kiristoci Kibɗawa ne masu kwasar shara a Alƙahira, mazauna gindin dutsen Muƙaɗɗam, waɗanda ke ciyar da dabbobin da ragowar abincin da suke tsincewa daga bola. Hukumomin lafiya na duniya suka ce matakin ba shi da amfani, ba a saurare su ba. Cutar ta shiga Masar ta filin jirgi, a jikin matafiya, sharar da aladun ke cinyewa kuma ta taru a titunan birnin tana wari. Mu a katinmu akwai allurar sanƙarau da ta shawara. Ta sabuwar murar ba a yi mana ba, don ƙasashen da ke da masana'antar yin ta su suka fara yi wa mutanensu.

Mun sauka Jidda da asuba, ƙarƙashin rumfunan nan farare masu tsini na Madinatul Hujjaj. Kafin a kai ga masu buga fasfo sai da muka bi wani layi ɗaya bayan ɗaya, ta gaban kyamarar da ke auna zafin jiki. A allon da ke gefe kana ganin kanka kore da rawaya, ma'aikata sanye da takunkumi da safar hannu suna jiran wanda goshinsa zai yi ja. Daga nan aka ɗiga wa kowa maganin shan inna a baki, babba da yaro, saboda daga Najeriya muka fito, aka kuma ba mu ƙwaya guda ta rigakafin sanƙarau, aka tsaya a kanmu har muka haɗiye. Gwaggo ta yatsina fuska ta ce ita da jikokinta yau sun zama sa'o'i.

A layin nan na fara ganin abin da ya fi tsaya mini a rai a dukkan tafiyar. Tun muna cikin jirgi, da aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka, na ga mutane na zaro Panadol daga aljihu suna raba wa juna, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Labari ya riga ya zaga cewa duk wanda kyamara ta kama za a killace shi har a gama hajji. Babu wanda ya san daga inda labarin ya fito, kuma babu jami'in da ya tsaya ya ƙaryata shi. Mutumin da ya sayar da gona ya biya kujera, ka ce masa zazzaɓi zai raba shi da Arfa, ai ka riga ka koya masa ɓoye zazzaɓi.

Motoci suka kwashe mu zuwa Madina. A can an liƙa takardun gargaɗi a ko'ina, da Larabci da Turanci da Urdu, har da zane don wanda bai iya karatu ba: rufe baki da hanci in za ka yi tari, jefa takardar a kwandon shara, wanke hannu. Alhazan Indunusiya da Malesiya da Turkiyya za ka gan su jere, kowa da takunkuminsa, jagoransu riƙe da tuta. Mu kuwa ana raba mana muke zubawa a jaka. Wani ya sa nasa a haɓa, wani a goshi, wani ya ce zai kai wa yaransa tsaraba. Wanda ya sa a hanci ma, in tari ya zo masa sai ya janye takunkumin ya yi tarinsa a sarari, ya mayar.

Takunkumin ma bai dame ni kamar ɗakin kwana ba. Gadaje manne da juna, taga a rufe, na'urar sanyaya ɗaki na kaɗawa dare da rana, ga kofi ɗaya a kan galan ɗin ruwa kowa na sha da shi. A Masallacin Annabi kuwa tanadin ya yi kyau: kowace randar zamzam tana da kofunan roba na sha-ka-yar, sababbi a gefe guda, waɗanda aka sha a ɗaya gefen. Sai dai wanda ba a nuna masa ba, hannunsa kan tafi gefen da ya fi kusa. Na tsaya na ga wani bawan Allah ya zari kofin da aka yar, ya cika, ya sha, ya sake cikawa ya miƙa wa na bayansa don neman lada. Da wani ya kwashe minti biyu a wajen bita ya yi bayanin waɗannan kofuna, da ya fi kwalin takunkumi amfani.

Rigimar gaske a mikati ta tashi, a Zul Hulaifa, bayan mun yi wanka mun ɗaura harami. Wani malami a motarmu ya ga wani saurayi ya mai da takunkuminsa, ya ce ya cire. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya yi karatun Risala a zaure: haramin namiji yana fuskarsa da kansa, na mace yana fuskarta da tafukanta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, namiji ba ya rufe fuska in ya yi harama. Wani ɗalibin jami'ar Madina da ya rako mu ya ce Shafi'iyya ba su hana namiji rufe fuska ba, kuma ko a wajen wanda ya hana, mai lalura yana yi ya ba da fidiya: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya ko tunkiya. Malam ya ce lalura ita ce ciwon da ya sauka, ba tsoron wanda bai zo ba. Ɗalibi ya ce to ai in ya sauka takunkumi ya gama amfani ga mai shi. Daga nan aka koma kan man tsaftace hannu, wai akwai sinadarin giya a ciki, wani kuma yana da ƙamshi, ga shi mai harami ba ya taɓa turare. Aka yi ta yi har direba ya kunna mota, talbiyya ta rufe muryar kowa. Ni dai na sayi sabulu marar ƙamshi, na kuma ajiye kuɗin ciyar da mutum shida a gefe, na sa takunkumina a wurin ɗawafi kaɗai. Gwaggo ta ƙi sawa. Ta ce ba ta taho tun daga Kano don ta gaida Ka'aba da rufaffen baki ba.

Muna Makka, kwanaki kaɗan kafin a fita Mina, ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta sanar da mutuwar alhazai huɗu da murar: wata 'yar Maroko, da wani ɗan Sudan, da wani ɗan Indiya, dukkansu masu shekara 75, sai wata yarinya 'yar Najeriya mai shekara 17. Uku a Madina, ɗaya a Makka. Labarin yarinyar ya girgiza masaukinmu. Duk tsawon watannin nan tsofaffi ake wa kallon masu haɗari, alhali abin da likitoci suka lura da shi a ƙasashe da dama shi ne cutar ta fi kama yara da matasa, tana kuma yi wa mata masu ciki mugun kamu. Waɗanda aka haifa kafin 1957 da yawansu jikinsu ya taɓa gamuwa da 'yar uwar wannan ƙwaya, yana da ɗan sauran garkuwa. Tsohon da ta kama dai tana iya kayar da shi, musamman mai ciwon zuciya ko huhu, amma ba shi ta fi nema ba.

A ɗakinmu akwai wani matashi ɗan kasuwar Kwari, ƙaƙƙarfa, shi ke ɗaukar wa tsofaffi ruwa zuwa hawa na sama. Sai muka ga ya daina fita Harami, yana kwance ya lulluɓa da bargo, yana cewa gajiya ce. Cikin dare na ji numfashinsa na fita da ƙyar, na taɓa wuyansa na ji zafi rau. Na ce mu tafi asibiti. Ya riƙe mini hannu.

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri. Saura kwana nawa Arfa? In suka riƙe ni shi ke nan, kuɗin mahaifiyata ne."

Na sauka na nemo wani likita daga tawagar alhazanmu. Da ya gama auna shi, ya zauna a bakin gadon ya ce, "Alhaji, wa ya ce maka wanda ke asibiti ba ya Arfa? Kowace shekara Saudiyya tana jera motocin asibiti, ta kwashi alhazan da ke kwance waɗanda jikinsu zai iya ɗaukar tafiyar, da likitocinsu da ruwan da ake ƙara musu, ta kai su filin Arfa su yi tsayuwarsu a cikin mota, ta dawo da su. Jifa kuwa wani ya yi maka. Abin da zai hana ka Arfa shi ne ka kwanta nan har huhunka ya cika." Yaron ya yi shiru, sannan ya ce a miƙo masa takalminsa. A asibiti suka fara ba shi Tamiflu tun kafin sakamakon gwaji ya fito, don maganin ya fi aiki in an sha shi cikin kwana biyun farko. Da sakamakon ya fito ba murar aladu ba ce, ciwon huhu ne, irin wanda ke kwantar da alhazai kowace shekara ba tare da rediyo ta ambata ba.

Har yau ina mamakin yadda aka kashe dukiya a kan kyamarori da takardun bango, amma wannan magana guda ta motocin asibiti ba ta iso kunnenmu ba, ba a wajen bita ba, ba a jirgi ba, ba a masauki ba. Ba shi kaɗai ya ɓoye zazzaɓi a benen nan ba. Washegari da labarinsa ya bazu, layin ɗakin shan maganinmu sai da ya kai bakin matakala.

A 'yan kwanakin ne kuma aka ji an kawo Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa asibiti a Jidda. Hirar mura ta ɗan lafa, aka koma hirar gida.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba, takwas ga Zulhajji, muka ɗauki hanyar Mina, ana wata sai ga wata. Hadari ya haɗo tun da safe, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Harami mayafi biyu ne marasa ɗinki, in ya jiƙe sai ya manne a jiki, ga iska. Ruwa na gudu tsakanin tantuna ɗauke da silifas da robobi, askarawa na ta ihun "Yalla ya hajji!", takunkuman da aka yi ta gardama a kansu sun zama tsumma a cikin kwata. Na lulluɓa wa Gwaggo ledar shimfiɗa, na zaunar da ita a kan jakarmu. Mu jiƙewa kawai muka yi. Sai da dare labarin Jidda ya iso: ruwan da ya zuba cikin 'yan sa'o'i ya fi wanda garin ke samu a shekara, ambaliya ta bi ta unguwannin gabas irin su Ƙuwaiza, ta kwashe motoci da mutanen cikinsu, ta yanke babbar hanyar Makka. Sama da mutum 120 suka rasu, akasarinsu mazauna garin. Bayan kwanaki Sarki Abdullah ya ba da umarnin bincike, da diyyar riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci.

Alhamis gari ya waye tas, muka yi Arfa cikin rana. Wajen la'asar na hango jerin motocin asibiti suna shigowa a hankali, fitilunsu na walƙiya. Ban iya matsawa kusa ba saboda cunkoso, amma daga baya ɗan Kwarin ya ba ni labari cewa ta tagar mota ya yi addu'arsa, robar ƙarin ruwa na maƙale a hannunsa.

Jifa ta zo da sauƙi. A shekarar aka kammala sabuwar gadar Jamra mai hawa biyar, wadda aka fara bayan turmutsitsin Janairun 2006 da ya ci sama da mutum 340. Hanyar shiga daban, ta fita daban. A gefe kuma ana ta kafa ginshiƙan jirgin ƙasan da zai haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa. Abin da ya ba ni tsoro a ranar Sallah aski ne. Akwai shagunan da hukuma ta yarda da su, masu sauya reza ga kowane kai, amma layinsu dogo ne kuma da kuɗi. Sai ka ga alhazai sun tsuguna a bakin hanya suna yi wa juna, reza ɗaya ta bi kawuna da yawa, jini na tsattsafowa. Ciwon hanta ta nan yake bi. Cikin masu jiran rezar har da wani sanye da takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya.

Da aka gama, ministan lafiya Abdullah al-Rabi'a ya ba da lissafi: cikin alhazai sama da miliyan biyu, mutum 73 aka tabbatar sun kamu, biyar suka rasu. Wasu suka ce ashe duk hayaniyar banza ce. Ban yarda da su ba. Da yawa daga masu rauni sun zauna a gida, asibitoci sun tanadi magani, sannan adadin na waɗanda aka gwada ne kawai, ba na masu haɗiye Panadol a ɗaki ba. A duniya ma haka lissafin ya kasance: lokacin da aka ce annobar ta wuce a watan Agustan 2010, mamatan da gwaji ya tabbatar wajen 18,500 ne, amma ƙiyasin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar daga baya ya kama daga 151,700 zuwa 575,400 a shekarar farko kaɗai, kuma kaso mai yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda gwajin ya yi ƙaranci. Ƙwayar ba ta tafi ko'ina ba, ta shiga sahun murar da ke zagayowa kowace shekara.

Mun koma Jidda jiran jirgi, kowa na tari, irin tarin nan da alhazai ke dawowa da shi. Likitan nan ya bi mu rumfa rumfa yana cewa duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako guda da komawa gida ya je asibiti, ya faɗi daga inda ya fito, kada kuma ya zauna tsakiyar 'yan barka da sauka, musamman masu ciki da masu goyo. Na faɗa wa Gwaggo. Ta ce ita ba za ta kori mutanen da suka yi mata adashi ba. Muka yi ciniki: za ta zauna a tsakar gida maimakon cikin ɗaki, jarirai a ɗaga mata su daga nesa ta sa albarka, zamzam kuma kowa ya zo da kofinsa. Sharaɗi na farko da na uku ta cika su. Na jarirai bai kai la'asar ba.